Ranar da Sanata Ya Shiga Raga

A Kwalejin Ostby muna da wata al'ada da hukumar wasanni ta daɗe da hanawa, amma duk alƙalin wasan da ya san ciwon kansa kau da kai yake yi. Ranar da yaro ya ci ƙwallonsa ta farko a wasan gora na kan ƙanƙara, mutanen gidansu sai su wurgo kifi cikin fili, daskararre, wanda suka kamo da hannunsu a tafkin bayan gari. A yi ihu, a kwashe kifin, a ci gaba da wasa. Yawancin gidaje tun shekarar farko suke sauke wannan nauyi su huta.

Ban da gidan su Arvo Rautio. Arvo mai tsaron baya ne, ƙato, mai sanyin hali, irin yaron da koci ke turawa ya kwanta a gaban ƙwallo idan an kwaɗo ta da ƙarfi. Haƙoransa biyu na gaba a wannan aikin suka tafi, bai taɓa yin ƙorafi ba. Amma shekara huɗu yana sanye da rigar Ostby, raga ko gaisuwarsa ba ta taɓa amsawa ba. Ya bugi ƙarfen raga, ya bugi gola, ya bugi ƙeyar kyaftin ɗinsu, bara kuma ya ɗaga wata ƙwallo ta tarwatsa kyamarar da ke rataye a saman fili, har yau ba a sa wata ba. Abin yana cin sa a rai ƙwarai, ko da yake da an tsokane shi dariya yake yi.

Mahaifiyarsa Marlys kuwa ta ƙi sauya kifi. Ta ce wanda ta kamo da sunan ƙwallon Arvo shi za ta jefa, ko da za a shekara goma. Duk ranar wasa sai ta ciro shi daga firiza, daga gefen naman barewa, ta naɗe shi da tsohon tawul, ta hau can sama bayan 'yan ganga ta zauna da shi a cinya. In an tashi ta mayar da shi inda ta ɗauko. Ɗalibai suka sa masa suna Sanata, wai don kullum yana halartar zama, bai taɓa yin magana ba, bai kuma taɓa tsinana wa kowa komai ba.

Ranar Asabar ɗin da nake ba ku labari, da rana aka yi wasan, kuma shi ne na ƙarshe da Arvo zai buga wa Ostby. Daga shi sai jarrabawa, sai aikin da ke jiransa a ma'aikatar gandun daji. In bai ci yau ba, shi ke nan, zai zama yaron da za a riƙa ba da labarinsa a ɗakin sauya kaya ana ƙyaƙyata dariya har jikokinsa su shigo kwalejin.

Ana ɗaure takalma kyaftin ɗinsu Colton Pelkey ya leƙo fuskarsa ya ce, "Arvo, don Allah yau ka taimaki bawan Allahn nan Sanata ya yi ritaya. Na gan shi a ƙofa, idonsa ya faɗa."

Arvo ya ce, "Ka ba ni ƙwallo mana, tunda kai ba ka san kowa ba in ta zo sandarka."

"In ba ka ka kashe mana wata kyamarar?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi.

'Yan Pelican Forks ne suka zo mana, kuma tsakaninmu da su ba a ga maciji. Aka yi ta gwabzawa har wasa ya zo gangara, Ostby na gaba da ci ɗaya. Sai suka yi abin da kowa ke yi in ruwa ya kai masa wuya: suka cire golansu, suka sako ƙarin ɗan wasa, suka bar ragarsu a buɗe suka taru a gidanmu, gaban ragarmu. Fili ya koma gefe guda. Sanduna na ƙara, mutane na faɗuwa kan juna, golanmu yana ta iyo a ƙasa. Cikin wannan hargitsi ƙwallo ta zo ta tsaya a bakin sandar Arvo. Shi dai so yake ya kore ta daga gida, ya rufe ido ya kwaɗa ta, wani ya kwashe masa ƙafa ya faɗi rubda ciki.

Ƙwallon ta fita daga cikin ƙafafu ta miƙi fili ita kaɗai, tana tafiya a hankali kamar tsohuwar da ta taso daga coci. Ba kowa a gabanta. 'Yan kallo suka miƙe tsaye, masu ganga suka manta da gangarsu. Arvo yana kwance, haɓarsa a kan ƙanƙara, kuma daga nan ƙasa ya fi kowa ganin hanyarta. Ya ga ta fara bauɗewa hagu. Ya ga za ta wuce ƙarfen raga ta waje. Zuciyarsa ta yanke, ya ce a ransa, to, haka Allah ya yi da ni.

Sai ga wani abu dogo ya tsallako gilashin da ya kewaye fili daga sama. Ya faɗo da ƙara, ya kwanta a kan cikinsa, ya zame yana juyawa a hankali, ya lanƙwaso ya tari gaban ƙwallon. Arvo ya ji wata 'yar ƙara, ƙas. Ƙwallo ta karkata dama ta shige raga, Sanata ya bi bayanta ya shige shi ma. Jar fitilar da ke bayan raga ta kama, alamar an ci.

Ɗakin wasan nan ya kusa rushewa. 'Yan benci suka tsallako, suka danne Arvo tun bai tashi ba, wani yana sumbatar hularsa, Pelkey yana ihu wai shi ya ba da ƙwallon, alhali kowa ya san yana kwance a kan wani ne lokacin. Arvo yana ƙarƙashinsu yana jin daɗin da bai taɓa ji ba a rayuwarsa, yana kuma jin wannan 'yar ƙarar tana maimaita kanta a kunnensa.

Ba shi kaɗai ya ji ta ba. Kyaftin ɗin Pelican Forks, Remy Gauthier, ya riga ya sha gaban alƙalin wasa yana nuna raga da sanda.

"Kifi ne ya ci, Yallaɓai! Kifi! Waje ta nufa, kifin ya tura ta!"

Pelkey ya taso a guje. "Kai kuma wa ya tambaye ka? Kana ƙarƙashina ina zaune a kanka, da wane idon ka gani?"

"Da wanda zan ga ƙarshenka da shi, mai kan tukunya."

"Ni ne mai kan tukunya? Je ka duba madubi, da hanci kamar an taka dankali."

A wasan kwaleji duk wanda ya kai naushi ya kori kansa, don haka yaran suka yi abin da suka iya: kowa ya cafki rigar na kusa da shi, suna jan juna suna zagayawa kamar masu koyon rawa, ana zagin gari da gari, ana tono cin da aka yi wa juna tun zamanin iyaye. Golanmu, da bai sami abokin kokawa ba tunda nasu yana benci, ya tsaya daga nesa yana yi masa alama da hannu wai ya fito.

Alƙalin wasan Delmar Skogen ne, dattijo mai farin gashin baki, wanda ranakun aiki yake sayar da injin kwashe dusar ƙanƙara a bakin babban titi. Delmar bai taɓa yin sauri a kan komai ba. Ya busa usur, ya jira, ya sake busawa, sannan ya zame a hankali zuwa bayan raga, inda tsoho Orville mai kunna fitila ke zaune a cikin ɗan akwatinsa.

"Orville, me ka gani?"

"Na ga abu ya shiga, na kunna."

"Wane abu?"

"Abubuwa biyu ne, Delmar."

"Wanne ya riga? Sun haɗu a hanya ko kowa tafiyarsa ya yi?"

Orville ya gyara tabarau ya ce, "Ni aikina daga layin raga ya fara. Abin da ya faru tsakaninsu a waje ba ruwana."

Mataimakan alƙali biyu ma ba su da abin cewa, ɗaya yana can yana raba faɗa lokacin, ɗaya kuma ya ce da ya ga abu na faɗowa daga sama kansa ya kare. Kyamara kuwa kowa ya san inda ta tafi, kuma kowa ya juyo ya kalli Arvo.

Arvo ya matso, zufa na zuba daga hularsa. "Yallaɓai, ni dai..."

Delmar ko kallonsa bai yi ba. "Akwai harafin kyaftin a ƙirjinka, Rautio? Babu. To ka san doka, ka faɗa wa kyaftin ɗinka." Ya juya ga Pelkey, wanda ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da Arvo. "Tambaye shi ko ya ga kifin nan ya taɓa ƙwallon."

Pelkey ya juyo ya ce, "Wai ko ka ga kifin nan ya taɓa ƙwallon." Yana faɗa yana ƙifta ido har ana tsoron kada idon ya maƙale.

Arvo bai iya ƙarya ba, tun yana ƙarami in ya gwada kunnuwansa ke tona shi. Amma bai taɓa son wani abu a duniya kamar yadda yake son wannan cin ba. Sai ya ce, "Ce masa ina kwance ne."

"Ya ce yana kwance ne, Yallaɓai."

"Na ji," in ji Delmar.

Kunya ta rufe Arvo, ya sunkuyar da kai yana kallon wuƙar da ke ƙasan takalminsa na zamiya. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba, kuma yana roƙon Allah a bar maganar a haka.

Gauthier bai haƙura ba. Ya bi Delmar har bakin gilashi, wajen teburin masu duba lokaci, inda akwai 'yar taga ta magana. Jama'a sun sauko sun cika wurin, kuma a gabansu duka ga Marlys Rautio, da tawul ɗinta a hannu, ta haɗe baki kamar an ɗinke shi. Delmar ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Remy, saurara. Kana so in yarda cewa mutum zai tsaya can sama bayan 'yan ganga, ya wurgo daskararren kifi ta saman gilashi, ya sami ƙwallon da ba ta fi murfin gwangwani ba tana cikin tafiya, ya karkata ta cikin raga? Saurayi mai jini a jika ma ba zai iya ba, balle Marlys da shekarunta."

Nan ne Delmar ya taka inda bai kamata ba. Kafin kafaɗa ta dame ta, Marlys ce shugabar matan Ostby a wasan tura dutse a kan ƙanƙara, wanda ake sakin dutse ya zame ya je ya tsaya inda aka nufa. Ta kwashi kofuna har ta rasa inda za ta ajiye, ta kuma sa mata da yawa kuka, ciki har da matar Delmar ɗin. A garin nan za ka iya kushe girkinta ta yi dariya, amma ba a kushe hannunta.

Arvo ya ɗago ya ga fuskarta. Ya san wannan fuskar. Ya ƙura mata ido yana girgiza kai a hankali, yana roƙonta da duk abin da ke cikinsa. Ta gan shi. Ta cije leɓe, ta matse tawul, ta yi shiru. Wallahi ta yi ƙoƙari, wannan kowa ya shaida.

Delmar ya fara ɗaga hannu zai nuna raga alamar an ci. Da ya tsaya a nan da an wuce wurin. Amma Gauthier ya sake buɗe baki, shi kuma dattijon ya ga bari ya rufe maganar gaba ɗaya.

"Murna ce ta ɗebe ta, yaro. Ta dai watso shi ne kamar mai zubar da ruwan wanke-wanke, ya faɗi inda ya faɗi."

"Delmar Skogen!"

Muryar ta ratso 'yar tagar nan ta cika ɗakin. "Wa ke zubar da ruwan wanke-wanke? Ni? Ƙwallon nan hagu ta bauɗe tun daga tsakiyar fili, makaho ma ya gani! Na kama shi ta jela, na ba shi juyi, na sake shi gaba da ita don na san ƙanƙarar gefen nan tana ja, ya kwanta ya lanƙwaso ya same ta daidai inda na nufa! Je ka tambayi matarka ko ni ina watsa abu ya faɗi inda ya..."

Ta tsaya. Ta kai tawul ta toshe bakinta, amma magana ta riga ta fita.

Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ƙugin injin sanyi a ƙarƙashin fili. Gauthier da kansa ya sauke sandarsa. Pelkey ya cire hula ya dafe kai. Daga can sama wani ɗalibi ya ce, "Kai, amma fa jifa ne," na kusa da shi ya zungure shi.

Delmar ya sauke hannunsa. Ya matsa bakin tagar, ya rage murya, amma Arvo yana kusa ya ji.

"Marlys, ni ma ina da ido. Tun yaron nan yana riƙe kujera yana koyon tsayuwa a kan ƙanƙara nake busa masa usur. Shiru kawai nake nema a wurinki."

Ya juya tsakiyar fili, ya ware hannuwansa biyu: babu ci. Kuma tunda babu ci, kifin ya tashi daga kifin murna ya koma abin da 'yan kallon gida suka jefo ana tsakar wasa, hukuncinsa kuwa a bayyane yake, mutum ɗaya na Ostby zai shiga kejin masu laifi da ke gefen fili ya zauna. Lokacin da ya rage bai kai tsawon hukuncin ba, don haka duk wanda ya shiga, wasa ya ƙare masa. Koci yana duba benci yana neman wanda zai tura, Arvo ya zame da kansa ya buɗe ƙofar kejin ya shiga. Mataimakin alƙali ya zaro Sanata daga raga, ya yi ta waige-waige ya rasa inda zai kai shi, sai ya miƙo shi cikin kejin ya jingine a kan benci kusa da Arvo ya rufe ƙofa.

Aka ci gaba da wasa. Pelican Forks suka sake taruwa a gidanmu, ihu ya dawo. Arvo yana zaune da sanda tsakanin gwiwoyinsa. Ya ji ana ƙwanƙwasa gilashin bayansa, bai juya ba. Aka sake ƙwanƙwasawa.

"Arvo." Ta sa bakinta a tsagar da ke tsakanin gilasai biyu. "Arvo, ɗana."

Ya juyo. Idanunta sun yi ja, hular ulunta ta karkace, ta tsufa a idonsa fiye da yadda ya bar ta da safe.

"Ka yafe mini. Bakina ne. Na riƙe, wallahi na riƙe."

"Na gani, Mama."

"Mutumin nan ne ya..."

"Na ji shi." Sannan ya ce, "Ƙwallon, da yawa ta bauɗe?"

Ta buɗe baki za ta ce kaɗan, ta fasa. Yau ba ranar da za ta iya ƙarya ba ce. "Da ɗan yawa."

"Haka na gani nima."

"Shekara huɗu ina zaune can sama ina kallo tana wuce ka, ba abin da zan iya yi. Yau na ga za ta sake wucewa, sai na ga hannuna ya tafi."

Arvo ya dube ta, ya dubi kifin da ya fara narkewa yana ɗiga a kan benci. Dariya ta taso masa daga ciki, ta haɗu da kukan da ke maƙale, suka fito tare ta gurbin haƙoransa. Ya share fuska da bayan safar hannu.

"Ni da sanda, ragar a buɗe, na kasa. Ke daga bayan 'yan ganga, da kifi."

"Bayansu ma da ɗan nisa," ta ce, tana jan hanci.

Ya juya gaba ɗaya a kan bencin, ya ba fili baya, ya matso da kunnensa bakin tsagar.

"To faɗa mini. Yaya kika ba shi juyin nan?"

Marlys ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta rataya tawul a kafaɗa, ta ja baya kaɗan don ya ga hannunta, ta fara nuna masa yadda ta kama jelar da yadda ta murɗa wuyan hannu, hawaye na zuba, muryarta na ƙara ƙarfi. A bayansa ƙaho ya yi ƙara, Ostby ta riƙe cinta, yara suka watsar da sanduna suna tsalle a kan gola. Arvo bai juya ya ga ƙarewar wasansa na ƙarshe ba. Ya ce mata ta sake nuna masa, a hankali.